Gidan giyar iyalan Vassar da makarantar matan da aka gina da ribarsa

Sadiq_Fagge
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai wata jami'a a jihar New York ta Amurka, a garin Poughkeepsie da ke bakin kogin Hudson, sunanta Vassar. Tana cikin makarantun da ake ji da su a ƙasar, kuma asalinta ta mata ce zalla. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, wanda ya gina ta, Matthew Vassar, mai kamfanin giya ne. Baƙo ne ɗan Ingila da iyayensa suka shigo da shi yana ɗan shekara 4, ya tashi a sana'ar dafa giyar da ake kira ale, ya yi kuɗi, sannan a 1861 ya ɗauki dala 408,000 da fili eka 200 ya ce a gina wa 'yan mata makarantar da za ta yi kafaɗa da kafaɗa da ta maza. Tambayata kashi biyu ce. Yaya aka yi baƙi da suka zo da noma suka koma manyan masu kamfanin giya? Sannan mu da muka san hukuncin giya, wane ido za mu kalli wannan makaranta da shi? Ni dai a ganina, ana yawan ba da labarin makarantar ana tsallake labarin tukunyar da ta haife ta, kuma bai kamata ba.

Maman_Ilham
Wa alaikumus salam. Subhanallah. Ni tun daga nan na tsaya. Kuɗin giya fa ka ce?

Abba_Kurna
Ai duk irin waɗannan 'yan gudun yunwar dankali ne daga Ireland. Sun zo ba su da komai, sai suka faɗa sana'ar da suka iya.

Ɗalibin_Tarihi
@Abba_Kurna a'a ɗan'uwa, ka haɗa labari biyu. Yunwar Ireland ta faro ne a 1845. Su kuwa iyalan Vassar sun sauka Amurka a 1796, kusan shekara 50 kafin nan, kuma daga yankin Norfolk na gabashin Ingila suka fito. Ba yunwa ce ta koro su ba. James Vassar, uban Matthew, da ɗan'uwansa Thomas manoma ne 'yan ɗarikar Baptist. A Ingila ta lokacin, wanda ba ya bin cocin gwamnati ba ya riƙe muƙamin hukuma, ba ya samun digiri a Oxford ko Cambridge, amma dole ya biya zakkar amfanin gona ga cocin da ba ya shiga. Sai a 1828 aka soke dokokin da suka hana su muƙami. Wannan matsin ne ya sa irinsu da yawa suka haye teku.

Da suka zo sai suka sayi gona kusa da rafin Wappinger, a gundumar Dutchess. Dafa ale a gida kuwa abu ne da kowane gidan manomi a Norfolk ya saba, domin yankin ƙasar sha'ir ce. Suka shuka sha'ir, suka dafa don kansu, maƙwabta suka ɗanɗana suka fara saye. Da James ya ga giyar ta fi gonar kawo kuɗi, sai ya sayar da gonar ya koma cikin Poughkeepsie a 1801 ya gina wurin dafawa. Ka ga amsar kashin farko na tambayar Malam Sadiq ke nan a taƙaice: sun zo da sani a hannu, suka tarar da kasuwar da babu mai irin kayansu.

Abba_Kurna
To amma me ya sa babu mai irin kayan? Turawan da ke can ba sa sha ne?

Ɗalibin_Tarihi
Suna sha, har ya wuce misali. A wajajen 1830 an ƙiyasta cewa kowane baligi a Amurka yana shan abin da ya kai galan 7 na tsantsar barasa a shekara, adadin da ƙasar ba ta sake kaiwa ba. Amma wiski suke sha da giyar tuffa, saboda masara da tuffa sun yi musu yawa kuma wiski ba ya lalacewa a hanya. Ale kuwa tana buƙatar sha'ir mai kyau, da gwanin da ya san yadda ake tsirar da shi a busar, da garin da ke da jama'a kusa don a shanye kafin ta yi tsami. Shi ya sa za ka ga manyan masu ale na farko da yawansu 'yan Ingila da Scotland ne.

'Yar_Kagoro
Barka da yamma 'yan'uwa. Bari in taimaka wa masu tambaya da abin da na gani da idona, domin kakata ta yi sana'ar burukutu. Aikin kusan ɗaya ne. A jiƙa dawa, a shimfiɗa ta tsira, a shanya, a niƙa, a dafa, a tace, a bar ruwan ya kwana ya tashi. Su Turawa sha'ir suke sa wa a madadin dawa, kuma suna ƙara wani fure mai ɗaci, hops, wanda ke hana ta saurin lalacewa. Tamu kwana kaɗan take yi ta juya, tasu tana jure tafiya a ganga. Kuma zan faɗi gaskiya ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba: da kuɗin tukunyar nan aka biya wa mahaifiyata makaranta har ta zama malamar asibiti. Dattawan cocinmu sun yi ta yi wa kakata faɗa, an ma hana ta cin jibin Ubangiji na wani lokaci. Ta daina daga baya. Ni ba na sha, 'ya'yana ba sa sha. Amma da na karanta tambayar Sadiq sai na ji kamar labarin gidanmu ake yi.

Maman_Ilham
Allah sarki. Na ji ki 'yar'uwa, kuma na gode da ba ki ɓoye ba. Amma kakarki talauci ne ya tura ta. Wannan mutumin fa attajiri ne.

Ɗalibin_Tarihi
Hajiya, bai fara da arziki ba. Yana ɗan shekara 14 mahaifinsa ya shirya kai shi koyon jima wajen wani majemi. Yaron ya ƙi, ya gudu da sanin mahaifiyarsa, ya haye kogin Hudson ya kama aikin yaron kanti kusa da Newburgh. Bayan shekara 4 ya dawo gida da ɗan abin da ya tara, ya riƙe wa uban littafin lissafi. A 1811 gobara ta cinye wurin dafa giyar ƙurmus. Kwana biyu bayan haka yayansa, John Guy, ya shiga cikin wata ƙatuwar ganga a kangon don ya ceto abin da ya saura, iskar da ta taru a ciki ta shaƙe shi ya mutu. Ya bar mata da ƙananan yara. Uban ya karaya ya koma noma. Matthew yana ɗan shekara 19 ya ɗauki nauyin gidan. Ya fara dafa ganga uku-uku, yana kaiwa da kansa, da dare kuma yana tsaron wani ɗan shago da ya buɗe a ƙarƙashin ginin kotun garin, inda yake sayar da ale da irin abincin ruwan nan mai ƙwanso. Daga nan kamfaninsa, M. Vassar & Co., ya taso.

Injiniya_KT
Wannan iskar da ta kashe yayan nasa ita ce iskar kabon da yis ke fitarwa idan yana cin sukari. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, sai ta kwanta a gindin ganga ko rami, ba ta da wari ba ta da launi. Mutum zai sauka lafiya, kafin ya ankara ya faɗi. Har yau tana kashe ma'aikata a tankunan masana'antu da masu gyaran rijiya da masai. Don Allah duk mai aikin shiga rami ko tanki ya bari iska ta ratsa tukuna, kuma kada ya shiga babu igiya a ƙugu da mutum a sama. Mun rasa wani leburanmu haka a wani aiki, wanda ya shiga ceto shi ma da ƙyar aka fito da shi.

Sadiq_Fagge
Allah ya jiƙansa, Injiniya. Wannan gargaɗin ya fi ƙarfin a wuce shi.

Malam_Na_Zaure
Bismillah. Tunda an tambayi ido da za mu kalla da shi, ga abin da na sani. Giya haramun ce, kuma hadisi ya zo da la'anta a kan mutum goma game da ita, ciki har da mai matsa ta, da mai ɗaukar ta, da mai sayar da ita, da mai cin kuɗinta. Kuma Allah mai tsarki ne, ba ya karɓar sai abu mai tsarki. Saboda haka Musulmi ba zai buɗe kamfanin giya ya ce zai wanke ribar da gina makaranta ko masallaci ba. Wannan babu saɓani.

Amma tambayar Sadiq ba a kan Musulmi take ba. Mutumin nan Kirista ne a ƙasar da dokarta ta halatta masa. Kuma hukuncin mai tara dukiya daban, hukuncin wanda ya amfana da abin da aka gina daban. Yarinyar da ta shiga ajin ta koyi lissafi ba ta sayar da giya ba. Malamai ma sun ce wanda ya tuba da dukiyar haram a hannunsa, wadda ba ta da mai ita da za a mayar wa, ya zuba ta a maslahar jama'a, kuma talakan da ya amfana babu laifi a kansa. To ina ga dukiyar wanda ba Musulmi ba? Maganar ladansa a lahira kuwa ba a hannunmu take ba.

Maman_Ilham
Allah ya gafarta Malam, na fahimta. Sai dai zuciyata ba ta kwanta ba. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, wani ɗan'uwansa da ake zargin hanyar samunsa ya taɓa aiko da kuɗin makarantar yayanmu, ya mayar masa. Yaya ya zauna a gida shekara guda. A lokacin mun ji haushi, yanzu kuwa ina ganin girmansa. Kowace ganga da mutumin nan ya sayar, akwai gidan da miji ya koma a buge. Matan waɗannan gidajen su ma mata ne. Wa ya gina musu makaranta?

Damagaram_92
Hajiya ta faɗi magana mai nauyi wallahi.

Hauwa_Malama
Yaya Maman Ilham, maganarki ita ce ainihin abin da matan Amurka na lokacin suke faɗa. Ƙungiyoyin yaƙi da shan giya sun fara ƙarfi tun 1826, kuma mata ne ƙashin bayansu, domin a dokar lokacin matar aure ba ta da iko da dukiya, idan miji ya shanye albashi ita da yara ne da yunwa. Jihar Maine ta hana sayar da giya a 1851. Ita kanta jihar New York ta yi irin dokar a 1855, kotu ta rushe ta a 1856. Wato lokacin da Vassar ke tunanin abin da zai yi da dukiyarsa, da yawa daga maƙwabtansa, har da 'yan cocinsa na Baptist, suna ganin sana'arsa abin kunya ce. Ba mu ne muka fara jin nauyin abin ba.

Amma ni malamar makaranta ce, kuma ba zan iya ɗauke ido daga abin da ya fito ba. An buɗe makarantar a Satumban 1865 da ɗalibai mata 353, a lokacin da likitoci masu suna ke rubuta cewa zurfin karatu yana lalata lafiyar mace. Malamar farko da aka ɗauka ita ce Maria Mitchell, masaniyar taurari da ta gano wata tauraruwa mai wutsiya a 1847 har Sarkin Denmark ya ba ta lambar zinariya. Aka gina mata ɗakin duban taurari, 'yan mata suna kwana suna auna sararin sama da hannunsu. Mace ta farko 'yar Japan da ta samu digirin jami'a, Yamakawa Sutematsu, a nan ta gama a 1882. Grace Hopper, wadda duk mai ilimin kwamfuta ya san sunanta, a nan ta gama a 1928.

Abba_Kurna
Wato ita ce jami'ar mata ta farko a duniya ke nan.

Hauwa_Malama
A'a. Ko a Amurka akwai waɗanda suka riga ta. Wesleyan ta jihar Georgia ta samu izini a 1836, Mount Holyoke ta buɗe a 1837, Oberlin ta fara karɓar mata karatun digiri a shekarar, Elmira kuma 1855. Abin da ya bambanta Vassar shi ne kuɗi. Sauran suna ta fama da bara, ita kuwa ta fara da gini, da ɗakin karatu, da kayan gwaje-gwaje, da albashin malamai. Wanda ya zana babban ginin, James Renwick, shi ne ya zana babban cocin St. Patrick na birnin New York. Kuma kada mu manta, a zamanin da ake wannan, Nana Asma'u tana Sakkwato tana tura jajis, wato malamai mata da ta horar, ƙauyuka suna karantar da mata. An haife ta 1793, shekara ɗaya bayan Vassar, ta rasu 1864, shekara ɗaya kafin a buɗe makarantarsa. Ita ba ta nemi ganga ko ɗaya ba.

Ɗalibin_Tarihi
Gaskiya ne Malama, sai dai aikin biyu ba iri ɗaya ba ne, kowanne a auna shi a ma'auninsa. Ina so in dawo da mu kan kamfanin, domin shi Sadiq ya ce ana tsallakewa.

Abin da ya ɗaga su ba gwaninta kaɗai ba ce, ruwa ne. A 1825 aka gama haƙa hanyar ruwa ta Erie, wadda ta haɗa kogin Hudson da manyan tafkunan yamma. Sha'ir da hops na tsakiyar jihar suka riƙa gangarowa da arha, giya kuma tana sauka birnin New York a jirgi, daga can ta wuce wasu jihohi. Duk garin da ke bakin Hudson ya amfana. Albany ta zama cibiyar ale ta ƙasar, inda John Taylor, shi ma haifaffen Ingila, ya gina kamfanin da ya fi kowanne girma a lokacinsa har ya zama magajin garin a 1848. Vassar kuma a 1836 ya gina sabon babban kamfani na bulo a bakin kogin, da jiragensa na dakon ganguna. Daga nan ya shiga banki, da filaye, da neman a kawo layin dogo garin. Har kamfanin farautar kifin whale suka kafa a Poughkeepsie, wanda bai yi nasara ba.

Ɗan_Bronx
Salam jama'a, ina bin ku tun ɗazu daga wurin aiki. Na je Poughkeepsie. Daga tashar Grand Central jirgin ƙasa ne kai tsaye, bai cika awa biyu ba, kuma layin yana bin gefen kogin kusan duk tafiyar. Na kai wata 'yar maƙwabcinmu, 'yan Ghana ne, ganin makarantar kafin ta nema. Yanzu maza da mata ne, tun 1969. Abin da zan gaya wa Sadiq shi ne su can ba sa ɓoye labarin giyar. Ɗalibar da ta zagaya da mu ita ta fara faɗa, kuma akwai wani wurin taruwar ɗalibai da aka sa wa suna Matthew's Mug, wato kofin giyarsa. A cikin gari kuma sunan yana ko'ina: titin Vassar, da babban asibitin Vassar Brothers. Kamfanin ne dai babu shi. Uban yarinyar, alhaji ne mai riƙo, da ya ji labarin ya yi shiru, sannan ya ce shi abin da ya dame shi ɗakin kwananta da abincinta da inda za ta yi salla, ba abin da wani ya dafa shekara 200 da suka wuce ba.

Sadiq_Fagge
Na gode Ɗan Bronx. Amma faɗin abu cikin raha daban, auna shi daban. Suna faɗa ne a matsayin abin ban sha'awa. Ina sunayen mutanen da suka yi ta juya tsiro da shebur, da masu haɗa ganguna, da masu tuƙa amalanke? Dala 408,000 ba daga hannun mutum ɗaya ta fito ba.

Abba_Kurna
Ni ina ga tuba ya yi shi ya sa ya gina.

Ɗalibin_Tarihi
@Abba_Kurna ban ga alamar tuba ba, domin kamfanin bai rufe ba sa'ad da ake ginin, ya ci gaba da aiki a hannun dangi kusan shekara 30 bayan rasuwarsa. Abin da ya fi fitowa a tarihinsa shi ne rashin haihuwa da son barin suna. Ya auri Catherine Valentine a 1813, ba su samu ɗa ba. A 1845 ya je Turai ya ga asibitin Guy's a Landan, wanda wani attajiri, Thomas Guy, ya kafa, sai ya dawo da niyyar gina asibiti. Mutum biyu suka juya shi. Ta farko wata 'yar danginsa, Lydia Booth, mai ƙaramar makarantar 'yan mata a garin, wadda ta rasu a 1854. Na biyu Milo Jewett, malamin da ya sayi makarantar bayanta, wanda ya riƙa nuna masa cewa asibiti kowa na iya ginawa, amma jami'ar mata ta gaske babu wanda ya yi. 'Ya'yan marigayi yayansa, Matthew ƙarami da John Guy ƙarami, waɗanda suka tashi a kamfanin, sun fi son asibiti. Su ne daga baya suka gina asibitin da Ɗan Bronx ya gani, aka buɗe shi a 1887, da gidan kula da tsofaffin maza. Shi kuwa dattijon ya rasu ranar 23 ga Yuni 1868, yana tsakiyar karanta jawabinsa ga kwamitin amintattun makarantar.

Malam_Na_Zaure
Son barin suna kuwa cuta ce da ba ta bar kowace al'umma ba. Allah ya tsarkake mana niyya.

Bala_Sabongari
Ku yi haƙuri zan fasa ƙwai. Muna ta tuhumar Bature da ya mutu tun 1868, alhali harajin kayayyaki da ake karɓa a kan giya a Najeriya yana shiga asusun da ake raba wa duk jihohi, har da waɗanda ake fasa kwalabe a cikinsu. Da shi ake biyan albashi. Wa ya taɓa mayar da nasa kason?

Damagaram_92
Mu ma a Nijar haka yake, baitulmali ɗaya ne.

Maman_Ilham
Malam Bala, don gwamnati ta cakuɗa ba shi ne ya halatta ba. Ni ban zaɓi abin da ke shiga baitulmali ba. Shi kuwa da hannunsa ya zaɓa, shekara fiye da 50.

Mai_Kula_Da_Zaure
Jama'a, maganar rabon haraji tana da nata zaren, kuma mun san yadda ta ƙare wancan karon. A dawo kan tarihi don Allah.

Injiniya_KT
To bari in tambayi abin da ya rage. Kamfani mai wannan ƙarfi, me ya kashe shi? Dokar hana giya ta ƙasa baki ɗaya ce?

Ɗalibin_Tarihi
A'a Injiniya, waccan dokar ta yi aiki ne daga 1920 zuwa 1933. Kamfanin Vassar ya rufe tun 1896. Wasu baƙin ne suka ture su. Daga wajajen 1840, musamman bayan tarzomar 1848 a Turai, Jamusawa suka yi ta kwarara Amurka, suka zo da giyar lager. Ita ale yis ɗinta a sama yake aiki, cikin ɗumi, kwanaki kaɗan ta nuna. Lager kuwa yis ɗin a ƙasa yake kwanciya, tana son sanyi, ana ajiye ta makonni a ramuka da ƙanƙara. Ta fi sauƙi a baki, ba ta da nauyi, kuma a zafin bazarar Amurka ita mutane suka fi so. Da injin sanyaya kaya da taragon jirgi mai ƙanƙara suka zo, sai kamfanonin Jamusawa na Milwaukee da St. Louis, irin su Pabst da Schlitz da Anheuser-Busch, suka riƙa aiko da kaya har gabas. Amfanin zama a bakin Hudson ya ƙare. Wanda ya ga alamar da wuri ya tsira. Peter Ballantine, ɗan Scotland da ya koyi aikin a Albany ya koma Newark a 1840, iyalansa sun sayi kamfanin lager a 1879 suka riƙa yin duka biyun, suka kai har 1972. Na Vassar ya tsaya a kan ale, magadan da suka san aikin suka tsufa suka mutu, kuɗin gidan kuma ya riga ya koma makaranta da asibiti.

Hauwa_Malama
Akwai wani abu da ya kamata a ƙara kafin a yi ta yabon makarantar, ni da na fara yabon. Ƙofar ba ga kowace mace aka buɗe ta ba. Baƙar fata ta farko da ta gama, Anita Hemmings, a 1897, sai da ta ɓoye asalinta ta shiga a matsayin farar fata, kuma da aka gano dab da kammalawa sai da aka yi ta muhawara ko a ba ta takardarta. Sai a 1940 suka karɓi baƙar fata a fili, Beatrix McCleary, wadda ta zama likita. Shekara 75 ke nan da buɗewa. Iyalin da suka bar Ingila inda aka rufe wa irinsu ƙofar jami'a, makarantarsu ta rufe wa wasu.

'Yar_Kagoro
Wannan ya fi yi mini ciwo a kan maganar giyar.

Ɗan_Bronx
Ita dai 'yar maƙwabcin namu wata makarantar ta zaɓa a ƙarshe, saboda kusa da gida. Amma na ga 'yan mata masu hijabi a harabar.

Sadiq_Fagge
Malam Na Zaure, in koma gare ka. Ka raba mai tarawa da mai amfana, na yarda. To idan yau mai kamfanin giya da ke raye, ba wanda ya mutu ba, ya ce zai gina wa 'yan matan unguwarmu makaranta kuma a sa sunansa a ƙofa, mu karɓa?

Malam_Na_Zaure
Wannan tambaya ce daban, Sadiq, domin sa suna a ƙofa talla ce ga sana'ar da ke ci gaba. Ni zan ce a nemi wata hanya. Amma akwai malaman da za su duba tsananin buƙata su sassauta idan an cire sunan. A kai wa malaman garin, su suka san halin wurin.

Maman_Ilham
Ni ko an cire sunan 'yata ba za ta shiga ba.

Bala_Sabongari
Hajiya, ke kina da halin kai ta wata. Wadda ke tallan gyaɗa a tasha fa?

Hauwa_Malama
Bala, wannan tambayar attajiranmu masu dukiyar halal ya kamata ka yi wa. A makarantar da nake koyarwa aji ɗaya yana ɗaukar yara fiye da yadda benci zai iya, rabinsu a ƙasa suke zama. @Ɗalibin_Tarihi, idan ka dawo ka ba mu labarin shari'ar John Taylor na Albany da ka ambata, na ji an ce har kotu aka je a kan ruwan da suke dafawa da shi.

Ɗalibin_Tarihi
An je. Edward Delavan, wani attajiri jagoran masu yaƙi da giya, ya wallafa a 1835 cewa masu ale na Albany suna ɗibar ruwan jiƙa sha'ir daga kududdufan da ƙazantar mayanka da mushe ke gangarawa. Taylor ya kai shi ƙara kan ɓata suna, aka yi shari'ar a 1840, shaidu suka zo suka faɗi abin da suka gani a bakin ruwan, Delavan ya yi nasara. Duk da haka cinikin Taylor bai faɗi ba, shekara 8 bayan nan ma aka zaɓe shi magajin gari. Zan buɗe mata zare daban gobe in Allah ya kai mu, domin bayanan shaidun suna da tsawo.